Littafi na Huɗu

Maƙwabciyata a nan Zawaciki ta shiga sana'ar sabulu. Shekaranjiya da hantsi ina shanyar wanki sai warin soda ya tsallako katanga, mai yajin nan da ke kama maƙogwaro, haɗe da ƙaurin man ja da ya ji wuta. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gangaro mini gwiwar hannu. Da na leƙa na tambaye ta inda ta koya, sai ta ɗago wayarta ta nuna mini wata mata tana juya ruwan sabulu da muciya, ta ce nan da nan ta gane, har ma ta tsallake farkon don surutu ne kawai. Na yi mata fatan alheri na dawo na zauna. Mu a gidanmu sabulun nan damina guda ya cinye mana, kuma ba sabulu muke nema ba. Wutar lantarki muke nema.

A Sharaɗa na tashi, a shekarun da garin ya rasa ko ƙauye ne shi ko birni. In ka fito ƙofar gidanmu ka dubi hagu, dawa ce da gero har inda idonka ya tsaya. Ka dubi dama, dogayen katangu ne da bututun hayaƙi. Zakara yana cara, jiniyar kamfani tana amsa masa, kuma jiniyar ake bi. Akwai wata kwata da ta fito daga masaƙa ta bi ta bayan unguwa, ruwanta yau shuɗi gobe ja, mu yara da ita muke duba kalar atamfar da za ta fito kasuwa. A masaƙar nan mahaifina yake aiki, lebura ne mai ɗaukar dila daga bakin inji zuwa sito. Masaƙar kuma a kan gonar kakana take zaune. An zo an auna, an kawo masa takarda da boko ya dangwala yatsa, aka ba shi abin da aka ba shi. Yakan ce wa Baba, daidai inda kake tsayawa kana jiran dila, nan tsamiyata take.

Kaka ya yi karatun zaure a birni yana saurayi, rani rani, in an gama girbi. Bai zama malamin da ake ɗaukar karatu a wurinsa ba, amma yana da littattafansa a gafaka cikin adaka, kuma a gida Malam ake ce masa. Larabci da ajami yana karantawa. Boko kuwa ko an juya masa takarda kai ƙasa ba zai sani ba. Baba ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya fito da ɗan abin da ya fito da shi, yana haɗa baƙi ɗaya ɗaya, in ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Ni kaɗai ce mai karanta boko a guje, ina babban aji a firamare. Ni ce kuma 'yar fari, wato Baba ba ya kama sunana, ba ya wasa da ni, in muka haɗu a soro kowa ya dubi bango. Kaka ne nawa. Matarsa yake ce mini, kullum yana barazanar zai sake ni saboda gudajin tuwona.

A lokacin akwai wasu 'yan littattafai da suka cika gari, ban sani ba ko ka riske su. Sirara ne, a naɗe a sa a aljihu, bangonsu kore shar, da lamba a cikin farar da'ira a sama, a ƙasa kuma zanen wani mutum mai hula yana murmushi yana nuni da yatsa. Kowane littafi sana'a guda yake koyarwa, da Hausar bakin kasuwa da zane a kowane shafi, an yi shi don wanda bai san komai ba. Ba mai kiran su da sunan da aka buga. 'Yan kore ake cewa. Ƙarshen wata wani mutum yakan shimfiɗa su a kan buhu a ƙofar kamfani, tsakanin mai tsire da mai agogo, ya danne da duwatsu. Ma'aikata daga Sharaɗa har Challawa suna saye, wasu su karanta, wasu su yi fifita da su.

Shekarar da nake ba ka labari abubuwa sun fara tsukewa. Ana cewa kamfanoni ba sa samun kayan aiki daga waje, za a rage mutane, kuma kowa ya san da lebura ake farawa. Babban mai gyaran wuta na masaƙar wani mutumin Maraɗi ne da jininsu ya haɗu da Baba. Ya ja shi gefe ya ce masa zai buƙaci mataimaki, kuma masu gyaran wuta ba a sallamarsu, don ko inji ya tsaya sai an kunna fitila. Amma ba shi da lokacin koya wa mutum daga tushe. Ya ce Baba ya nemi ɗan kore na shida, na wayar lantarki, ya san wace waya ce ke kisa wacce ba ta yi, sannan ya zo. Wannan gurbin shi ne tuwonmu, ko da yake ni daga fuskar Inna na gane haka.

Baba ya sayo littafin ranar albashi. A gidanmu ba abin da ke shiga ciki bai tsaya a soro ba, ko buhun gero ne ko sabon takalmi, sai Kaka ya gani ya sa albarka. Kaka ya karɓa da hannu biyu, ya juya, ya shinshina, ya daɗe yana kallon mai hular nan. Sannan ya ɗora yatsa kan farar da'irar ya tambaye ni mene ne wannan. Na ce shida ce.

"To ina na ɗaya?"

Baba ya durƙusa ya yi bayani a hankali, ya ce na ɗayan na kiwon kaji ne, akwai na sabulu, akwai na lambu, su ba su shafi aikinsu ba, wannan aka ce ya nema.

"Wanda ya rubuta ya fi ka sanin abin da ya sa ya fara da kaji," in ji Kaka.

Sai ya ba mu labarin da muka riga muka haddace. Yana saurayi ya je wurin malaminsa yana ɗokin littafin rabon gado, saboda wata rigimar gona da ta taso a danginsu. Malamin ya zaunar da shi a kan ƙaramin littafin tsarki, ya yi rani biyu yana wanke hannu da ƙafa a takarda kafin a bar shi ya leƙa na gaba. Duk wanda ya sa wa littafi lamba, in ji Kaka, ya san abin da yake yi. Mai tsallake ba ya samun albarkar karatu, balle karatun abin da ke kashe mutum ba jini. Ya tashi ya buɗe adaka, ya sa na shida a ƙarƙashin gafakarsa, ya rufe. Na dubi Baba ta gefen ido ina jiran ya yi magana. "To, Malam," kawai ya ce.

Ƙarshen watan da ya biyo Baba ya kwaso sauran. Na huɗu ne kawai babu, mai buhun ya ce ya ƙare amma yana hanya. Aka buɗe makaranta a soronmu bayan la'asar, duk makon da Baba ke aikin safe. Kaka a kan buzu, Baba a gurfane a tabarma, ni a tsakiya, littafin a kan naɗaɗɗen rawani don ba a ajiye ilimi a ƙasa. Sai na wanke hannu kafin in taɓa. In karanta layi, Baba ya maimaita, Kaka ya yi sharhi. Ka yi tunanin babban mutum mai gemu yana biya cewa a wanke kaskon ruwan kaji kowace safiya, yana rausaya kai irin na masu biya karatu. Ga kuma kunya. Baba ba zai dube ni ya ce in sake ba, sai ya dubi Kaka ya ce, "Malam, a ce ta sake." Kaka kuma ya juyo, duk da ina zaune tsakaninsu na ji da kunnena, ya ce, "Ke matar, ɗalibinki bai ji ba." Na sha fatan ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya fi damuna shi ne na yarda da Kaka. Na yarda akwai wata hanya da ta tashi daga kaji ta isa wutar lantarki, ni ce dai ban gan ta ba. Nakan karanta shafi ina laluben ta. Da muka zo inda aka ce a kewaye akurki da waya na yi tsalle a raina, na ce ga ta nan, ashe wayar raga ce. Na yi kwanaki ina zaton da kashin kaji ake kunna wuta. Har malaminmu na makaranta na tambaya, bayan an tashi, mene ne haɗin kaza da lantarki. Ya dube ni ya tambaya ko na karya kumallo.

Karantawa kaɗai ba ta isa a wurin Kaka ba, sai an yi aiki da abin da aka karanta kafin a ce an sauke. Baba ya kafa akurki a bayan ɗakin Inna, ya sayo 'yan tsaki. Inna, wadda tun ba ta kai ɗaurin ƙirji ba take kiwon kaji, ta tsaya riƙe da ƙugu tana jin littafi yana koya mata ba kaza ruwa. Ciwo ya shigo ya share rabinsu, Kaka ya ce a koma babin magani a sake biyawa. Da waɗanda suka tsira suka fara ƙwai, ya ce an sauke. Aka yanka zakara, Inna ta yi waina, aka raba wa maƙwabta sadakar saukar littafin kaji. Mutane suka ci suka yi addu'a, wasu sai da suka fita waje suka yi dariyarsu.

Damina ta sauka muna kan sabulu. Warin nan da ya tsallako mini katanga, shi ya zauna a gidanmu har tuwo sai da ya ɗauka. Zubin farko ya ƙi daskarewa, ya tsaya kamar kunu. Na biyu ya yi kyau a ido, amma ya ci hannun Inna ya huda rigar aikin Baba. Danshi ya hana komai bushewa, ga ruwa yana ɗiga daga rufi a kan katakon da muka jera su. Sai can aka samu wanda ya yi kumfa bai yi cizo ba, matan unguwa suka fara aiko yara. A daidai lokacin aka yi sallamar farko a masaƙa. Mutanen Haɗejia da ke haya a gidan da ke kallon namu suka ɗaure tabarmi da tukwane a bayan akori-kura, suka zo suka yi wa Kaka ban kwana. Ya yi musu addu'a sosai. Da suka tafi ya ce in ɗauko littafi.

Baba ya fara ramewa. In ya dawo yakan zauna a kan turmi bai cire takalmi ba. Wata rana ina tankaɗe a bakin ƙofa na ji Inna tana yi masa magana ƙasa ƙasa. Ta ce mai buhun nan bai mutu ba, na shida yana nan a shimfiɗe, ya sayi wani ya ajiye a kamfani ya riƙa dubawa lokacin hutu, wa zai sani. Ta ce mutumin Maraɗi ba zai yi ta jira ba, shi ma yana da na sama da shi. Na dakata da rariya ina jiran amsa. Baba ya ce ya ji. Kowa a gidanmu ya san in Baba ya ce ya ji, maganar ta mutu ke nan. Na ji haushinsa ranar, ban kuma san abin da ya hana haushin tafiya kan Kaka ba.

Na lambu muka shiga bayan ɗaukewar ruwa, nan kuma abin ya ƙara rikice mini, don Kaka bai yarda da rabin abin da littafin ya faɗa ba. Ya ce tazarar da aka ba tumatir ta yi yawa, wanda ya rubuta bai taɓa riƙe fartanya a jigawa ba. Na ce to mu yi yadda kuka sani mana. Ya ce a'a, malami ma yana kuskure, amma ba ɗalibi ne zai gyara masa ba tun bai sauke ba. Haka muka dasa yadda littafi ya ce, Kaka yana bin fangali fangali yana tsaki, Baba yana jan ruwa a rijiya kafin jiniya da bayanta. Tumatir ya yi, alayyafo ya yi, aka sake yin waina.

Sai muka iso bakin na huɗu, muka tsaya cak. Mai buhu ya ce gaskiya shi bai taɓa riƙe shi a hannu ba, yana cewa yana hanya ne don kada ya kori mai saye. Baba ya bi kantunan littattafai na Sabon Gari, ya shiga Kurmi, ya sa abokan aiki suka tambaya. Wani ya ce na ɗinki ne, ya gan shi a hannun surukinsa. Wani ya rantse na tuƙin mota ne. Ba wanda ya kawo. Ranar da Baba ya yi ƙarfin halin cewa ko a wuce na biyar, Kaka ya ce shi ba shi da ikon ba da wannan izini, na mai littafi ne, a je a tambaye shi. Ya sa na duba bayan bango, na ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a Bompai aka buga.

Wata Asabar Baba yana aiki, Kaka ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya ƙulle goro a ganye, ya zaɓi sandar sabulu mafi kyau a cikin namu ya naɗe, don ba a zuwa wurin malami hannu rabbana. Ya ce in ɗauko mayafi in raka shi. Muka shiga bas har Sabon Gari muka sake wata. Bompai ta girmi Sharaɗa, ta kuma fi ta wari, ga ƙaurin gyaɗa da ake matsewa, ga na fata, ga hayaƙin manyan motoci da suka jeru a bakin sito sito. Wannan ya tura mu gabas wancan ya dawo da mu, Kaka yana tafe yana tattare riga daga baƙin mai. Rana ta kai tsaka kafin wani maigadi ya nuna mana wata rumfar kwano a bayan wani sito.

Ni dai na zaci mai hular nan zan gani zaune yana murmushi. Abin da muka tarar inji ne an rufe shi da buhu, da warin tawada da kananzir, da wani mutum mai furfura yana cin rogo da ƙuli, yatsunsa baƙi ƙirin. Kaka ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Allah gafarta malam." Mutumin ya miƙe a firgice har ƙulin ya zube, ya kama Kaka yana cewa subhanallahi, Baba ku tashi, ni mai jera baƙi ne kawai. Ya goge benci ya zaunar da mu. Kaka ya yi bayani tiryan tiryan: ɗalibi ya sauke uku, an rasa na huɗu, ana neman littafin ko izinin wucewa.

Mutumin ya dube mu. Bai yi dariya ba, har yau ina yi masa addu'a saboda wannan. Ya ce wani tsohon malamin ajin manya ne ya fara abin, shi da abokinsa mai wannan injin. Da aka buɗe kamfanoni mutanen ƙauye suka cika gari, da yawa sun koyi haɗa baƙi amma ba abin karantawa sai allon kanti. Sai tsohon ya riƙa neman duk wanda ya iya wata sana'a, ya zaunar da shi ya yi ta tambaya kamar wawa, yana rubutawa, duk inda bai gane ba ya ce a sake. Na kaji daga bakin wani malamin gona aka ɗauka, na sabulu daga wata mai koyar da matan aure, na lantarki daga wani mutumin kudu da ko Hausa ba ya ji sosai. Ba su ma san juna ba. Lamba kuwa, wanda ya riga shiryuwa shi ke ɗaukar ta gaba, don kada a rikice wajen ɗauri. Ta huɗu an ajiye wa wani da ya yi alkawarin kawo na kiwon zuma, aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da alkawarinsa, an kuwa riga an buga bangon na biyar. Tsohon ya rasu bara waccan. Yanzu ma ba takarda, shi ya sa inji ke rufe.

"Wato babu na huɗu," in ji Kaka.

"Ba a taɓa yin sa ba, Baba."

"Wanda ya fara da na shida fa?"

"Ai kowa wanda yake buƙata yake ɗauka. Don haka aka yi su."

Kaka ya gyaɗa kai a hankali. Ya ajiye goron da sabulun a kan benci, mutumin yana cewa a'a a'a, Kaka ya yi wa tsohon da ya rasu addu'a, muka fito. Ya manta takalminsa sai da na koma na ɗauko. A cikin bas bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Sai da muka hango bututun Sharaɗa ya sunkuyo ya tambaye ni ko na gane abin da mutumin ya faɗa. Na ce ban gane ba, kuma gaskiyata na faɗa: na kasa gane yadda za a ƙirga uku a faɗa biyar, manya suna kallo, a kuma buga a sayar. Ya ce shi ma bai gane ba.

Bayan la'asar Baba ya shigo soro. Kaka ya buɗe adaka ya ciro na shida, bangonsa na nan kore shar don ba hannun da ya taɓa shi, ya miƙa masa ya ce ya ɗauka, an yi izini. Baba ya karɓa da hannu biyu ya ɗora a cinya. Sannan, yana kallon tabarma, ya ce an riga an ba wani yaro mutumin Gumel gurbin, tun muna dashen tumatir.

Wato duk jan ruwan nan, da yawon Kurmi da Sabon Gari, Baba ya san an rufe ƙofa.

"Me ya hana ka faɗa mini?" Kaka ya tambaya. Ban taɓa jin muryarsa ta ƙanƙance haka ba.

Baba ya ci gaba da kallon tabarma. Kaji suna ta kuka a bayan gida, lokacin ba su dusa ya yi, na tashi na tafi don ban san inda zan sa idona ba. Kafin azumi aka sallami Baba.

Mutane suna son su gyara labarin nan in na ba su. Sukan ce ai kin ga hikimar tsoho, da bai sa ku kaji da sabulu ba da me za ku ci. Gaskiya ne da su muka ci. Inna tana zubawa, Baba yana ɗaura kwali a keke ya zaga ƙauyukan bayan Challawa, ni ina kai ƙwai wurin masu shayi kafin makaranta. Amma mun sha wuya, ƙannena biyu sai da suka bar makaranta, ɗaya bai koma ba. Yaron Gumel kuwa ya zauna a masaƙa har ranar da aka rufe ta gaba ɗaya bayan shekaru, ya gina gida a Ɗorayi, ina wucewa ta ƙofarsa. Don haka ni ban san hikima ce ko asara ba, kuma na gaji da masu yanke mini hukunci cikin sauƙi.

Kaka ya daina kiran karatu. Ya daina cewa zai sake ni, sai zama a soro yana jan carbi yana kallon hanya. Aka daɗe a haka. Wata la'asar sai ga Baba ya dawo daga tallan sabulu, ya jingine keke, ya wanke hannu, ya ɗauko na biyar, na gyaran keke, ya ɗora a kan rawani ya gurfana. Kaka ya dube shi ya ce ai babu sauran wannan, ka ji abin da aka ce, ga na shida a hannunka. Baba ya ce, "Malam, a ce ta fara." Kaka ya gyara zama a kan buzu. Ya juyo ya ce ke matar, ɗalibinki yana jira. Muka sauke na biyar, aka yi waina, sannan muka shiga na shida. Da aka jawo wuta unguwarmu Baba ne ya ja wayar gidanmu da hannunsa, ya fara da soro. Kaka ya rayu ya ga ƙwan lantarki ya kama a kan buzunsa, ya ce a kashe, rana ce.

Sai da na yi aure na hayayyafa, kunyar ɗan fari ta ɗan saki, sannan na iya tambayar Baba. Ya tsufa, yana zaune a soron nan a kan buzun Kaka yana yanka sabulu da zare. Na ce masa har yau ban gane ba, littafin nan yana shimfiɗe a ƙofar kamfani, me ya hana ku saya a ɓoye kamar yadda Inna ta ce. Ya ci gaba da jan zare har sandar ta rabu. Bai dube ni ba, bango ya duba, kamar da.

"An zo da takardar boko an karɓe masa gona, ba a tambaye shi ba," ya ce. "Wannan ce ta biyu da ta shigo gidansa. Ita an tambaye shi."

Na ce to aikin fa, da ƙannena. Ya ce ya sani, abin yana cikinsa shekara da shekaru, kuma shi bai ce ya yi daidai ba. Daga nan ya ce in miƙo masa kwali.

Dukansu sun rasu yanzu, Allah ya jiƙansu. Gonakin hagun nan sun zama gidaje, katangun dama da yawa sun zama kufai, jiniya ta yi shiru, kwata ta koma kalar kowace kwata. 'Yan kore sun ɓace daga gari, matasan masu sayar da littattafai ko labarinsu ba su ji ba. Namu biyar suna cikin adakar da na gada. Yara yanzu da babban yatsa suke koyon komai, su ja gaba su ja baya, ba mai tambayarsu wa ya ba su izini, kuma ga shi suna iyawa. Wani lokaci ina taya su murna. Wani lokaci in tuna Baba a gurfane yana biya wankin kaskon kaji, hawaye ya zo mini, ban san ko na tausayi ne ko na haushi ba, ban kuma san haushin wa ba.

Jiya maƙwabciyar tawa ta miƙo mini sanda guda ta kan katanga. Na wanke hannu da shi, ya fi namu laushi, ba zan ɓoye ba. Ta ce in ina so ta turo mini matar a waya in gwada, kashi na uku ne mai amfani, nan aka nuna awo, sauran ba sai na kalla ba. Na buɗe baki zan yi godiya. Abin da na ji ya fito shi ne, "To ina na ɗaya?"